Kuɗin Talaka Da Ke Maƙalewa A Hanya

Kowace shekara idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, mukan ji a rediyo an ce an ware miliyan kaza domin ilimi, biliyan kaza domin kiwon lafiya, kaza domin ruwan sha da hanyoyin karkara. Mutumin ƙauye ya ji, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da abin da yake yi. Shekara ta zagayo, ajin da iska ta yaye wa rufi yana nan yadda yake. Famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace tun bara ba wanda ya taɓa shi. Asibitin sha-ka-tafi kuwa sai dai a rubuta maka magani a takarda, ka tafi kemis ka saya. Daga nan sai mutum ya yanke hukunci a ransa cewa duk zancen rediyo ne, ba a fitar da ko kwabo ba.

Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa kuɗin yakan fito daga baitulmali da gaske, ya kamo hanya, sai ya maƙale kafin ya iso. Masu noman rani sun san irin wannan. Ana sako ruwa daga madatsa, amma kafin ya kai gonar da ke can ƙarshen layi, wani ya fasa ya ja zuwa tasa, wani ya tsiyaye ta ramin gafiya, wani ƙasa ta shanye. Mai gonar ƙarshe ba ya ganin komai sai laima, alhali a littafin mai kula da madatsa an rubuta cewa an ba shi ruwa. A wannan wata za mu duba yadda aka auna irin wannan yoyo a wasu ƙasashe masu tasowa, da dabarun da suka gwada don toshe shi, da inda dabarun suka ci da inda suka gaza.

Kafin nan, bari mu ga abin da ya haɗa wannan magana da talauci. Mai hali, idan makarantar gwamnati ta lalace, sai ya kai ɗansa ta kuɗi. Idan babu ruwa, ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa. Talaka ba shi da wannan zaɓi. Idan babu magani a asibitin garinsu, akuya zai sayar, ko ya taɓa hatsin da ya ajiye domin damina, ya hau mota zuwa birni. Idan famfo ya mutu, 'yarsa ce za ta bar aji ta tafi rafi. Idan kwalbati ya karye, tumatirinsa a gona zai ruɓe, ko dillali ya saya yadda ya ga dama. Watau duk aikin gwamnati da bai iso ba, daga aljihun talaka ake biyansa.

Shi ya sa a shekarar 2022, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci a Nijeriya, ba ta tsaya ga kuɗin da mutum ke samu kaɗai ba. Ta duba abinci, da nisan asibiti, da zuwan yara makaranta, da ruwan sha, da makewayi, da abin da ake girki da shi. Ta samu mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin irin wannan talauci. A karkara abin ya kai kashi 72 cikin 100, a birane kuwa kashi 42. Mai karatu zai lura cewa yawancin abubuwan da aka lissafa, ayyuka ne da hukuma ke karɓar kuɗi domin ta yi su.

Sule 13 cikin 100

Ƙasar Yuganda tana Gabashin Afirka, babban birninta Kampala. Ta sha wahalar mulkin Idi Amin da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, har zuwa 1986 da Yoweri Museveni ya karɓi mulki. A tsawon shekarun nan na rikici, iyayen yara ne suka riƙe makarantun firamare da kuɗin aljihunsu, ta hannun ƙungiyoyin iyaye da malamai. Da ƙura ta lafa, sai gwamnati ta fara ba kowace makaranta wani tallafi gwargwadon yawan ɗalibanta, domin sayen littattafai da alli da sauran kayan aiki. Wannan ban da albashin malamai. Kuɗin ƙasar sunansa shilin, watau abin da iyayenmu ke kira sule. A 1991 an yanka sule 2,500 a shekara ga kowane yaro daga aji ɗaya zuwa huɗu, da sule 4,000 ga na aji biyar zuwa bakwai. Ma'aikatar Kuɗi a Kampala ke tura kuɗin zuwa ofisoshin gunduma, su kuma su miƙa wa makarantu.

A 1996 gwamnatin ƙasar, tare da ma'aikatan Bankin Duniya, ta yi wani abu da ba a saba yi ba. Cikin waɗanda suka jagoranci aikin akwai wata masaniyar tattalin arziki mai suna Ritva Reinikka. Maimakon a zauna a ofis a duba takardun ma'aikata, sai aka tura mutane makarantu 250, suka buɗe littattafan hedimastoci, suka kwatanta abin da aka aiko daga Kampala da abin da ya shiga hannun makaranta daga 1991 zuwa 1995.

Abin da aka gano ya girgiza kowa. A duk sule 100 da aka aiko, sule 13 ne kacal suka isa makarantu idan aka yi kudin goro. Kudin goron ma yana ɓoye wani abu, domin yawancin makarantun ba su ga ko anini ba. 'Yan kaɗan ne suka samu rabo mai tsoka, kuma da aka duba sai aka ga makarantun da iyayen yaransu ke da abin hannu sun fi samu. Makarantar talakawa, wadda ta fi kowa bukata, ita aka fi yi wa ƙwange. Ma'aikatar Kuɗi kuwa tana sakin kuɗin yadda aka tsara. A ofisoshin gunduma yake narkewa, wani a karkatar da shi ga wata hidima, wani ya shiga harkar siyasa, wani ya faɗa aljihu.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Albashin malamai, duk da jinkirin da akan samu, ya fi wannan tallafi isa inda aka aike shi nesa ba kusa ba. Me ya sa? Malami ya san abin da yake bi. Idan wata ya ƙare bai gani ba, zai yi magana, ƙungiyarsa ma za ta yi. Shi kuwa tallafin kayan aiki, yawancin iyaye ba su ma san da shi ba. Hedimastoci da dama ba su san nawa ne rabonsu ba, balle ranar da aka sako shi. Idan jami'in gunduma ya ce bana babu, to babu ke nan, sai a yi masa godiya a koma gida. Wanda bai san an aiko masa da saƙo ba, yaya za a yi ya tare ɗan aike ya tambaye shi?

Ba Yuganda kaɗai ke da wannan ciwo ba. Da aka yi irin wannan bin sawu a Gana a ƙarshen shekarun 1990, kusan rabin kuɗin kayan aikin makarantun firamare ne ya ɓace a hanya. A Chadi kuwa, binciken 2004 ya nuna cewa abin da ke isa ƙananan asibitoci daga kuɗin gudanarwa, ban da albashi, bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Abin yabo ga gwamnatin Yuganda ta lokacin shi ne ba ta binne rahoton ba. Ta ɗauki wani mataki mai arha. Duk wata, idan Ma'aikatar Kuɗi ta tura kuɗin makarantu, sai a buga a manyan jaridun ƙasar, har da masu fitowa cikin harsunan gida, cewa gunduma kaza ta karɓi kaza a rana kaza. Aka kuma umarci ofisoshin gunduma da makarantu su riƙa liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa, inda kowa zai gani. Hedimasta yanzu yana iya shiga ofis da jarida a hannu. Uba kuma yana iya tsayawa a bakin ofishin hedimasta ya karanta abin da aka liƙa, ya tambayi ina littattafan.

Da aka sake yin binciken a kan kuɗin shekarar 2001, sai aka tarar fiye da sule 80 cikin 100 suna isa makarantu. Masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun yi wa hedimastoci 'yar jarrabawa a kan ƙa'idojin tallafin da lokacin da ake sakinsa, suka kuma auna nisan kowace makaranta daga wurin da ake sayar da jarida. Hedimastocin da ke kusa da mai sayar da jarida sun fi sanin ƙa'ida, kuma makarantunsu sun fi samun ƙaruwar abin da ke isowa. Waɗanda ke can lungu, inda jarida ba ta zuwa, su ma sun ƙaru, amma ba kamar na kusa ba.

Sai dai kada a ɗauka jarida ce kaɗai ta yi wannan aiki, ko da yake mu masu aikin jarida za mu so a ce haka ne. A 1997 gwamnatin ta soke kuɗin makarantar firamare, da farko ga yara huɗu a kowane gida. Ɗalibai suka tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5 cikin shekara guda. Tunda iyaye sun daina biya, makaranta ba ta da abin dogaro sai tallafin gwamnati, don haka hedimasta ba zai iya yin shiru ba ko da yana so. An kuma ƙara yawan tallafin, an gindaya wa gundumomi sharuɗɗa a kansa, ƙasashe masu ba da agaji sun sa ido, shugaban ƙasa kuma ya riga ya yi alkawarin ilimi kyauta a yaƙin neman zaɓen 1996, ba ya son ya ji kunya. Wasu masana sun yi nuni da waɗannan, kuma suna da gaskiya. Abin da ya faru shi ne, matsi daga sama ya haɗu da tambaya daga ƙasa, jami'in da ke tsakiya ya rasa wurin ɓuya.

Inda ba kowa ke karatu ba

Mai karatu zai ce, to ƙauyen da jarida ba ta zuwa fa, ko wanda masu karatu a cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba? Amsar wannan ta fito daga jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, wuri mai ƙarancin ruwan sama da yawan fari, kamar wasu sassan ƙasarmu.

A can, idan aka yi fari, gwamnati takan buɗe ayyuka irin su haƙa tafki da gyaran hanya, ta ɗauki talakawa leburanci domin su samu abin sayen abinci. Amma ranar biya sai a ba mutum ƙasa da abin da doka ta yanka, a ce aikinsa bai cika awo ba. Idan ya nemi ganin rajistar da aka rubuta sunaye da kwanakin aiki, sai a ce takardar sirrin gwamnati ce. A 1990 aka kafa wata ƙungiya ta leburori da ƙananan manoma da ake kira MKSS a taƙaice. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Aruna Roy, wadda ta ajiye babban muƙami a aikin gwamnati ta koma ƙauye da zama. Takensu shi ne, tunda kuɗin nasu ne, lissafin ma nasu ne.

Da ƙyar da jiɓin goshi suka samo kofen wasu takardu. A watan Disamba na 1994 suka kira taron farko a wani ƙauye mai suna Kot Kirana. Aka kafa rumfa, jama'a suka zazzauna, wani ya tashi ya riƙa karanta rajistar da ƙarfi, suna bayan suna. A irin waɗannan taruka ne aka riƙa jin sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa wai sun yi aiki sun dangwala yatsa sun karɓi kuɗi. Aka ji sunayen waɗanda suka tafi ci-rani. Aka karanta rasit na ginin da aka ce an gama, alhali ga shi can kowa na gani ko rufi babu. Tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, ta san kwana nawa ta yi tana ɗaukar ƙasa, ta kuma san nawa aka damƙa mata. Mutum ɗaya mai karatu ya ishi ƙauye guda, muddin takardar ta fito fili. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. A wasu tarukan da aka yi daga baya, har shugabannin ƙauyuka suka mayar da kuɗin da suka ci a gaban jama'a, saboda kunya.

Ma'aikata ba su ji daɗin abin ba, suka ƙara ƙulle takardu. A 1996 ƙungiyar ta yi zaman dirshan na kwana 40 a garin Beawar tana neman a yi doka. Jihar Rajastan ta yi dokar ba jama'a damar ganin takardun hukuma a 2000, ƙasar Indiya baki ɗaya ta yi tata a 2005, inda aka ba jami'i kwana 30 ya amsa tambaya. Amma a faɗi gaskiya, abin bai zo da sauƙi ba. Tun da aka yi dokar, an kashe mutane da dama a Indiya saboda sun nemi takardun da suka taɓa masu ƙarfi, an kuma ji wa wasu da yawa rauni. Galibinsu mutane ne da suka tsaya su kaɗai a garuruwansu.

Abin da idon jama'a ba ya gani

Akwai kuma satar da taron jama'a ba ya iya kamawa. An gwada wannan a ƙasar Indunisiya a tsakanin 2003 da 2004, a ƙauyuka 608 na tsibirin Jaba da aka ba kuɗi su yi wa kansu hanyar burji. Wani masani Ba'amurke mai suna Benjamin Olken ya shirya gwajin tare da hukumomin ƙasar. A wasu ƙauyuka an sanar tun kafin a fara aiki cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuma za a karanta sakamakon bincikensu a gaban jama'a. A da, ƙauye 4 ne cikin 100 ake bincika. A wasu ƙauyukan kuma an rarraba takardun gayyata gida-gida, domin mutane su cika tarukan da masu kula da aikin ke ba da bayanin yadda suka kashe kuɗi.

Bayan an gama hanyoyin, sai aka kawo injiniyoyi suka haƙa ramuka a jikinsu, suka auna yawan dutse da tsakuwa da yashin da aka zuba da gaske. Suka tambayi farashi a wurin masu sayarwa, suka tambayi leburori nawa aka biya su, sannan aka kwatanta da abin da aka rubuta a takarda. Inda ba a yi barazanar bincike ba, kusan kashi 28 cikin 100 na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba. Inda aka san masu bincike na tafe, ya sauko zuwa kashi 19. Cika taro da jama'a kuwa bai rage satar ba sai ɗan kaɗan.

Da aka duba da kyau sai aka ga dalili. Inda aka gayyato jama'a, cin kuɗin leburori ya ragu sosai, amma cin kuɗin kaya bai ragu ba. Lebura ya san haƙƙinsa, kuma idan aka taɓa shi zai ɗaga murya a taro. Amma wa zai iya cewa tifa nawa ta tsakuwa ke kwance ƙarƙashin hanyar da aka riga aka daddaɓe? Kuma hanya ta kowa ce, kowa yana jiran wani ya yi magana. Wannan aikin mai awo ne da mai binciken kuɗi. Wani abin dariya, ko na takaici, shi ne a ƙauyukan da aka tsananta bincike, masu kula da aikin sai suka ƙara ɗaukar 'yan'uwansu aiki. An toshe wata kafa, sun buɗe wata. Kashi 19 ɗin da ya ci gaba da ɓacewa kuma yana da nasaba da cewa ba kasafai binciken ke kai mutum gaban alƙali ba.

To mu fa?

Nijeriya ma ta ɗanɗana dabarar Yuganda. Daga farkon 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga wa jama'a a jaridu abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya duk wata. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kuma rabonsu daga asusun shi ne kashi 20.60 cikin 100, jihohi kashi 26.72, gwamnatin tarayya kashi 52.68. Ana samun waɗannan alƙaluma a intanet, duk wani ɗan gari mai babbar waya zai iya nemowa ya karanta wa mutane a dandali.

To me ya sa ba mu ga irin canjin da aka gani a makarantun Yuganda ba? A ganina dalili biyu ne. Na farko, kuɗin ƙaramar hukuma ba ya zuwa hannunta kai tsaye. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa a nan gwamnatocin jihohi ke riƙe abin da suka ga dama. Idan ka tare shugaban ƙaramar hukuma da jarida, sai ya ce shi ma a jaridar ya gani. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba shugabannin riƙo da gwamna ya naɗa kuɗin, sai zaɓaɓɓu. Aka shafe fiye da shekara guda bayan hukuncin ana ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da shi.

Dalili na biyu ya fi kusa da mu. Sanin cewa ƙaramar hukumarku ta samu miliyan ɗari kaza a wata bai gaya maka komai game da makarantar unguwarku ba. Lissafi ne dunƙulalle, a ciki akwai albashi, akwai fansho, akwai abin da ba ka sani ba. Abin da ya yi aiki a Yuganda shi ne lissafi mai sauƙi da kowane uba zai iya yi da kansa: yara nawa ne a makarantar nan, nawa ne rabon kowane yaro, nawa aka liƙa a bango cewa ya iso. Irin wannan lissafin ya kamata mu nema, kuma akwai wuraren da za a fara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani ɓangare nasa yana shiga asusun bankin asibitocin mazaɓu da aka zaɓa kai tsaye. A ƙa'ida, kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hannu a tsara yadda za a kashe shi. Makarantun firamare su ma suna da kwamitocin kula da makaranta, da iyaye da masu unguwanni da mata a ciki. Shin ka san su wane ne 'yan kwamitin garinku? Yaushe rabon da su tara jama'a su karanta abin da ya shigo da abin da ya fita?

An taɓa ganin amfanin bin sawu a ƙasar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga aikin haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyukan jihar, aƙalla yara 400 suka rasu. An share gubar daga wasu ƙauyuka, amma Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ta saura, kuma likitocin agaji ba za su iya fara ba yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, in ba haka ba su sake kamuwa. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kimanin Naira miliyan 850, aka yi watanni ba labari. Wasu matasa masu kiran shirinsu Follow The Money, watau bin sawun kuɗi, tare da ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙin ɗan Adam, suka yi ta kururuwa suna ambaton adadin kuɗin da sunan garin, har aka saki kuɗin a watan Janairu na 2013, aka share garin, aka fara ba yara magani a shekarar. A nan ma adadin a bayyane yake, wurin da za a kai shi ɗaya ne, wanda ya yi alkawarin kuma sananne ne.

Ga wanda ke son tambaya a rubuce, akwai doka a bayansa. A 2011 aka sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ta ba kowane mutum damar neman takardun hukuma, kamar takardar kwangilar rijiya ko ta ginin aji, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar da aka tambaya tana da kwana 7 ta amsa, kuma idan kotu ta tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, har a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau. Dokar ba ta manta da wanda bai yi karatu ba: yana iya sa wani ya rubuta a madadinsa, kuma idan ya je ya yi tambayarsa da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta ta ya ba shi kofe.

Shawarata ita ce kada mutum ɗaya ya ɗauki wannan a kansa, saboda abin da muka gani a Indiya. A rubuta da sunan ƙungiyar ci gaban gari, ko ta iyaye da malamai, ko ta manoma, da sanin mai unguwa da dagaci. Kada a cika takardar da zargi ko zagi. A ambaci aiki guda ɗaya, da wurin da yake, da shekarar da aka ce an ba da shi, a nemi sunan ɗan kwangila, da adadin kuɗin, da nawa aka riga aka biya. A yi kofe biyu, a miƙa ɗaya, a sa akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida a adana. Daga ranar da ke jikin hatimin nan ake fara ƙirga kwana bakwai ɗin.